Inna a Bayan Fitilun Mai Hoto

A gidanmu na Karaye akwai hoton Inna da ni ranar da na gama firamare, akwai nata da ƙannena ranar Sallah, har akwai wanda aka ɗauke ta tana riƙe da igiyar wata tunkiya da ta yi kiwo. Amma babu ko ɗaya da ta tsaya da Yaya. Yaya ce 'yar fari, Inna kuwa daga rugar bayan Kafin Dafga aka auro ta, inda kunyar ɗan fari take da nauyi kamar ta suruki. Ba ta kiran sunan Yaya, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta yi mata magana kai tsaye muddin akwai wanda za ta aika. Yawanci ni ake aika. Yaya tana tsaye a gabanta, sai Inna ta dube ni ta ce in gaya wa mai wankin can omo ya yi yawa. Mun saba da haka, kuma na zaci ita ma Yaya ba ta jin komai.

Sai ranar da aka sa mata lallen biki, tana zaune hannuwa a sama kamar wadda aka kama da sata, ni ina ba ta ruwa a baki, ta ce da ni ita duk hidimar nan abu ɗaya take so, hoto guda ita da Inna, wanda za ta rataye a ɗakinta na Rogo. Ba ta ce in yi wani abu a kai ba, don ta san ni. A aji ma idan malami ya kira sunana sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Yaya ta kai maganar wajen Goggo, yayar Baba, wadda ita ce uwar biki tunda Inna ba za ta iya zama uwar bikin 'yar fari ba. Goggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta tambayi Yaya ko so take mutanen ruga su ce uwarta ta sayar da kunyarta da girma ya zo. Ta ce ga ta nan, ita ba uwa ba ce? A ɗauke su tare har sai kyamara ta gaji. Duk wannan Inna tana bakin rumfa tana tsintar shinkafa, inda ko tari aka yi za ta ji, amma ba ta ɗago kai ba.

Goggo ce ta samo mai hoton. Shagonsa yana Rogo kusa da tasha, kuma allon shagon ya ce yana da reshe a Kano, reshen da har yau ban ji wanda ya taɓa gani ba. Ranar yinin biki ya iso da hantsi a kan babur, da kaya niƙi-niƙi kamar wanda aka kora daga gidan haya. Bazara ce, ƙasa tana ƙuna, amma yana sanye da wata 'yar shara mai aljihuna ta ko'ina a kan rigarsa. Gidanmu ba a shiga, sai dai na lura ranar biki mai hoto ba ya cikin lissafin maza. Matan da suke ja da baya idan mai gyaran wuta ya yi sallama, su ne suka riƙa nuna masa inda zai ajiye jaka.

Ya fara kafa wasu sanduna masu ƙafa uku a tsakar gida, ya ɗora wa kowanne farar lema. Ba sama lemomin suke kallo ba kamar lemar kowa, a kaikaice suke, cikinsu yana fuskantar kujerar da za a zaunar da amarya. A cikin kowace lema akwai fitila, ta juya wa kujerar baya tana kallon lemar. Wata tsohuwa daga dangin Baba ta tambaya ko fitilar fushi take yi da mutane. Ya amsa ba tare da ya dube ta ba, ya ce haske idan ya bugi fuska kai tsaye yana tona asirin ƙuraje da gumi, amma idan ya fara bugun lema ya dawo, sai ya zo da ladabi. Tsohuwar ta ce to a sama wa jikokinta irin wannan lemar.

Yana da kuma wani faifai mai ƙyallin azurfa da yake naɗewa ya koma kamar mafici. Shi wannan a ƙarƙashin haɓa ake tara shi, don ya kori inuwar da take kwanciya a wuya da ƙasan ido. Babbar ƙawar Yaya aka ba wa ta riƙe. Duk sanda hannunta ya gaji faifan ya karkata, sai rana ta taso daga cikinsa ta faɗa idon wata a cikin taro, a ji an ja tsaki.

Baba ya aiko daga zaure cewa a koma gindin darbejiyar tsakar gida, ya fi sanyi. Mai hoto ya ce sam, ranar da take ratsowa ta cikin ganye tana yi wa fuska dabbare-dabbare kamar mai ƙyanda. Wannan kam na je na duba fuskar ƙanina a gindin bishiyar, gaskiyarsa ce. Ba jahili ba ne a sana'arsa. Matsalarsa ita ce duk abin da ya sani sai kowa ya ji ya sani.

Daga nan ya yi wa Goggo bayanin abin da ya kira kashe rana. Ya ce zai matse idon kyamara har hasken rana ya zama kamar babu, sai abin da fitilarsa ta taɓa kaɗai zai fito. Amarya za ta fito tana walƙiya, bayanta kuma ya koma baƙi wuluk kamar labulen ɗakin hoto na birni. Ya nuna katangarmu ta ƙasa da leɓe, da turmi, da akurki, da igiyar shanya, ya ce duk wannan ba wanda zai gani. Na zaci Goggo za ta ji haushi, don a gidan nan aka haife ta, kuma katangar kakanmu ne ya gina ta. Sai na ga ta washe baki tana sa masa albarka. Ta ce dama abin da yake damunta ke nan, kada ƙawayenta na Kano su ga hoto su ce a ƙauye aka yi biki. Matan da suke kusa duk suka ce wallahi haka ne. Ni a lokacin na ɗauki maganar kashe rana a matsayin cika baki irin na reshen Kano.

Kuskurensa ɗaya, ya faɗa a gaban mata cewa wadda ta fi kusa da lema ita za ta fi fitowa fara. Daga wannan lokaci ba a sake samun zaman lafiya ba. Da aka zo hoton dangi, kowa ta riƙa matsawa gefen lema kamar ƙwarin damina a bakin fitila, amarya kuwa aka bar ta a can gefe kamar wadda ta zo kallo. Goggo, wadda launinta ɗaya da na Baba da nawa, wato kamar ƙwallon tsamiya, ta ja kujerarta har sai da lema ta taɓa mata goggoro. Ta ce masa kada ya ji tsoro, ya sake mata wutar duka. Mai kwalliya kuma ta riga ta shafe fuskokin 'yan anko da hoda mai kauri, zafi yana narkar da ita, tana bin su tana ƙarawa kamar mai yaɓe. Duk sanda fitila ta yi walƙiya sai in ga fuskoki sun yi fari fat kamar an tsoma su a toka, wuyoyi da hannuwa kuma suna nan yadda Allah ya yi su.

Inna ba ta cikin wannan duka. Tun safe tana madafa da matan da suke tuƙa tuwo, da tsohon zaninta na aiki.

Bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, aka zo hoton amarya ita kaɗai. Ya juyar da kujerar yadda rana za ta zauna a bayan Yaya, ya ce hakan zai sa gefen mayafinta ya yi kamar an zana shi da zinariya. Ya matso da lemomin gabanta, ya ce ta ɗaga haɓa, ta sauke kafaɗa, ta kalli hannunsa, kada kuma ta waiwaya ko da gidan ne ya kama da wuta. Ina zaune a kan turmin da aka kife, ina riƙe da takalman Yaya na canji.

A nan na ga Inna ta fito, ba daga madafa ba, daga ɗakinta. Ta sake kaya. Ta ɗaura atamfarta mai ruwan bula mai duhu wadda take can ƙasan akwati, wadda ban taɓa ganinta a jikinta ba sai ranar da ƙaninta ya dawo daga Makka. Ta sa awarwaronta na azurfa. A hannunta akwai kwanon sha da murfi. Ta bi ta bayan kujerar Yaya, a jikin katanga, kamar za ta kai wa wani abu a rumfa. Da ta zo daidai kafaɗar Yaya sai tafiyarta ta ragu, ta tsaya tana duban katanga kamar ta ga tsaga a jiki. Fitila ta yi walƙiya. Ta wuce.

Can sai ga ta ta dawo da kwanon. Na lura da yadda take riƙe da shi da 'yan yatsu, yana lilo, na san babu komai a ciki. Haka ta yi ta kai da kawowa tsakanin ɗaki da rumfa, kuma kullum sai ta sami abin dubawa a katangar nan daidai bayan amarya. Mai hoto bai san ko wace ce ba. Ya ɗago kai ya ce, "Baba mai kwano, a ɗan ba mu wuri mana." Goggo ta ce ya rabu da ita, mai gidan ce, aiki ne ya yi mata yawa. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba. Inna ba ta nuna ta ji ba. Ta sake wucewa sau ɗaya, don kada a ce maganarsa ce ta kore ta, sannan ta shiga ɗaki ta mai da zaninta na aiki.

Gab da magariba, ana shirin fita da amarya, Yaya tana kuka a cikin mayafi kamar yadda ake yi. Na sa kaina a ƙarƙashin mayafin na raɗa mata cewa Inna ta shiga hoto, da atamfar ƙasan akwati, ba sau ɗaya ba. Kukan ya tsaya cak. Tsayawar ta yi yawa har Goggo ta mintsine ta a cinya, ta ce ta ci gaba, kada dangin ango su ce dama ta gaji da gidan ubanta.

Da aka ba mu hutun makaranta sai aka tura ni Rogo in taya Yaya zama. Ina can mai hoto ya kawo albam, ya zo da kwamfutarsa don a zaɓi wanda za a ƙara wa girma a sa a gilashi. Mijin Yaya, malamin firamare ne a Zoza, mutum mai sanyin hali, ya shigo da shi falo ya ba shi lemo. Yaya ta zauna a ƙasa ta buɗe albam ɗin a cinyarta, ta wuce hotunan dangi ba ta ko tsaya ba. Ni na ɗan gani a gurguje. Na kusa da lema sun fito kamar Larabawa, na ƙarshen layi kuma kamar inuwarsu. Goggo ta samu abin da ta roƙa, sai ta goggoro aka gane ta.

Hotunan Yaya ita kaɗai sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Gefen mayafin ya yi zinariyar da ya faɗa. Fuskar ta fi ta Yaya haske sosai, amma ana iya cewa 'yar'uwarta ce ta kusa. Bayanta kuwa baƙi wuluk. Babu katanga, babu igiyar shanya, babu Inna. Ta buɗe shafi bayan shafi, ta koma farko, ta karkata albam ɗin wajen taga. Sannan ta dube ni. Ba ta ce na yi mata ƙarya ba, amma na ga tambayar. Na sa yatsa a kan baƙin, sama da kafaɗarta ta hagu, inda wani ɗan ɗigo yake ƙyalli kamar ƙwayar gero. Murfin kwanon ne.

Shi kuwa mai hoto yana ta yi wa mijin Yaya bayani cewa wannan baƙin shi ne aikin, ba kowa ne ya iya ba, da ranar Allah ya mai da gidan dare. Yaya, wadda tun zuwana ban ji ta ɗaga murya a gaban baƙo ba, ta katse shi.

"Malam, ranar da ka kashe, ana iya tashinta?"

Ya yi dariya, ya ce ana iyawa, amma wa zai so? Ta ce ita. Ya nemo hoton a kwamfuta yana girgiza kai, ya kama wani ɗan layi ya riƙa ja a hankali. Baƙin ya fara komawa toka-toka. Igiyar shanya ta fara fitowa, da zanin ƙanina na fitsarin kwance a kanta. Katanga ta fito da duk tsagunanta. Wata kaza ta bayyana a gefe da ƙafa ɗaya a sama. Sai ga Inna, dishi-dishi kamar ana hango ta ta cikin rariya, da atamfarta da awarwaronta da kwanon da babu komai. A wannan hoton ba katanga take kallo ba. Ƙeyar Yaya take kallo.

Amma duk hasken da ya ƙara wa Inna ya ƙaru a fuskar Yaya, wadda dama fitilu biyu da faifai da hoda sun riga sun taru a kanta. Kafin Inna ta fito sosai, amarya ta zama wani farin faranti mai ɗigo biyu na ido da jan baki. Hanci ya tafi gaba ɗaya.

Mai hoto ya ce to ta gani, sai dai a zaɓi ɗaya. Da ya ji matar da ya kira Baba mai kwano ita ce mahaifiyar amarya, sai ya ɓullo da wata dabara. Ya ce abu mai sauƙi ne, zai yanko Hajiya daga nan, ya cire mata kwanon, ya wanke ta ta yi fari, ya tsayar da ita a gefen amarya da hannu a kafaɗarta, ya sa musu furanni da matattakalar bene a baya. Ya ce ya sha yi, har wanda ya rasu ya taɓa sawa a hoton biki kuma ba wanda ya gane.

Yaya ta ce Inna ba ta taɓa dafa kafaɗarta ba, kuma idan ta shigo ta ga an sa ta ta dafa, ba za ta sake taka ɗakin nan ba. Ta ce a bar shi yadda yake, da kwanon, da kazar. Ya ce to shi ba zai buga sunan shagonsa a ƙasan wannan abu ba, yana da mutunci a garin nan. Ta ce ta yafe sunan. Ya juya wajen mijinta yana neman ceto. Mijin ya daɗe yana duban farantin da aka ce matarsa ce, ya yi tambaya a hankali ko babu wanda shi ma yake ciki. Da ya dubi fuskar Yaya sai ya ce a yi mata yadda take so.

Haka aka rataye shi a falo, saman kujera mai zaman uku, inda duk mai shigowa zai fara gani. Matan dangin miji suka yi ta zuwa kallo. Wasu suka ce mai hoton ya cuce ta, wasu suka ce ai ba laifi, aƙalla ta yi fari.

Bayan ruwan sama ya sauka an yi shuka, Inna ta je ganin ɗaki, ita da Goggo da ni. Goggo ce ta fara shiga. Ta tsaya a gaban hoton ta riƙe haɓa, ta ce duk wahalar da ta sha don a rufa wa gidan nan asiri, ga shi an rataye asirin a bango har da zanin fitsari. Ta tambayi Yaya ina hancinta. Yaya tana durƙushe tana zuba fura, ta ce yana nan a albam.

Inna ta zauna a bakin ƙofa a kan tabarma, ta ba hoton gefe. Ta amsa gaisuwar Yaya tana duban ƙafafunta. Ta yaba labule, ta yaba jeren kwanuka, duk a wajena. Har muka ci abinci muka yi azahar ban ga ta ɗaga ido bango ba. Sai da Goggo ta fita gaida surukai, Yaya ta bi ta da mayafi, ɗakin ya rage daga ni sai Inna, sannan ta tashi kamar za ta miƙe ƙafa. Ta tsaya a gaban hoton ta daɗe. Ni na sunkuyar da kai ina wasa da zaren tabarma. Na ji ta sa hannu ta ɗan girgiza gilashin.

Da muka fito za mu tafi, Yaya ta rako mu har zaure. Inna ta gyara mayafi, ta dube ni, Yaya tana tsaye a gefenta.

"Ki gaya wa masu ɗakin nan," in ji ta, "ƙusar can ba ta da ƙwari. A sake ta kafin abin ya faɗo."